Zaituna da Keken da Ba Ya Jin Turanci

A shekarar 2004 na fara sanin Zaituna, kuma faɗa ne ya haɗa mu. Lokacin ban daɗe da barin aikin gwamnati ba, inda na ƙare ƙuruciyata ina buga takardu, tun muna Ikko har aka kwaso mu zuwa Abuja. Da na yi ritaya sai na kama shago a Kubwa, a layin da ke bayan kasuwa, na sa kwamfuta ɗaya da injin fotokwafi da tsohuwar tafiretata. Mutane suna kawo takardar neman aiki, katin biki, yarjejeniyar fili, ni kuma ina bugawa. Sunana Thaddeus, amma duk layin Baba Taifis suke ce mini, har na daina gyara musu.

Ran nan da safe wata mata doguwa siririya ta tsaya a ƙofata, almakashi rataye a wuyanta da igiya. Ita ce ta kama shagon da ke jikin nawa.

"Baba, ina kwana. Hayaƙin janaretanka yana shiga shagona."

"Lafiya lau, 'yata. Ai tun da na zo nan yake wurin, ba wanda ya taɓa magana."

"To yau an yi. Yadin mutane ne a hannuna, ba nawa ba. Ko ka juya shi, ko in juya shi."

Na dube ta, na ga ba wasa take yi ba. Na tashi na juya shi.

A hankali na san labarinta. 'Yar Zariya ce, tela. Mijinta direban motar haya ne, ya rasu a hanyar Kaduna ya bar ta da 'ya ɗaya, Sumayya. Da ta fita takaba sai wanta Yamusa, dillalin lemo da mangwaro a kasuwar Zuba, ya ba ta ɗaki a gidansa. Kullum da safe tana hawo mota daga Zuba, ta ajiye Sumayya a makaranta a nan Kubwa, ta buɗe shago. Kekunan ɗinki uku gare ta, duk na ƙafa. Ba ta da yawan dariya, ba ta kuma iya lallashin mai kawo ɗinki ba, amma wuyan rigar da ta ɗinka ba ya karkacewa, saboda haka mata suna zaginta a bayan ido suna kuma dawowa.

Wanda bai zauna Abuja a shekarun nan ba, da wuya ya gane yadda garin ya riƙa kumbura. Soja sun koma bariki, wayar hannu ta shigo, ko'ina ka duba tifa ce da yashi. A Kubwa kaɗai, duk gidan da ke da 'yan ɗakuna da katanga sai ka wayi gari an shafe shi da fenti an kafa allo an ce makaranta ce. Kowace makaranta tana son yunifom, kowane yunifom yana son bajo a ƙirji. Bajon kuwa daga Aba ko Ikko ake kawo shi, a daɗe ana jira, ya iso da launin da ba shi aka ce ba. Zaituna tana ɗinka yunifom ɗin wasu makarantu, kuma sau da yawa na ga riguna a jibge a shagonta, an gama komai, ana jiran bajo.

A farkon shekarar da ta biyo ta sayar da kekunanta, duka ukun, ta sayo keken monogiram, wato mai ɗinka bajo, na gwanjo daga hannun wani dillali. Na ce mata ta bar ko ɗaya don tsaro. Ta ce dillalin ba zai jira tsorona ba.

Mutum huɗu suka sauke shi daga a-kori-kura. Fari ne, da allurai a jere kamar haƙoran mataji, da sandunan zare a kansa. Daga Japan ya fito kai tsaye, a cikin kwalinsa akwai waya, da faifai ɗaya, da littafi mai kaurin ƙamus wanda babu harafin Turanci ko ɗaya a cikinsa. Irin wannan keke ba ya ɗinka komai don kansa. Sai an zana bajon a kwamfuta, cikin firogiram ɗin da ke kan faifan, sannan a tura masa ta waya. Dillalin ya ce mata abu ne mai sauƙi: a sa faifai, a danna, a danna, shi ke nan. Daga ranar kuma in an kira lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Nazir ne ya sayar mata da tsohuwar kwamfuta, shi ne kuma ya zo haɗawa. Bakatsine ne mai gyaran kwamfuta, yana da ɗan teburinsa a ƙarƙashin matakalar wani bene a Wuse, mutum mai surutu da kirki. Na rufe shagona na zo kallo. Ya sa faifan. Wata taga ta buɗe a allon, amma maimakon rubutu sai alamun tambaya jere da jere, da 'yan akwatuna babu komai a ciki. Ya ƙiyasta maɓallin da ke nufin a ci gaba, ya danna. Wani shuɗin layi ya fara tafiya, ya kai tsakiya ya tsaya. Wata ƙaramar taga ta fito, ita ma duk alamun tambaya, sannan komai ya ɓace.

"Anti, wannan kwamfutar ta kwashi cuta," in ji Nazir. "Fomat za a yi."

Ga wanda bai sani ba, fomat shi ne a wanke kwamfuta tas, a goge duk abin da ke cikinta, a sake zuba mata tsarinta daga farko. A wancan lokacin shi ne maganin kowace cuta a Wuse, kamar yadda mai kemis yake ba ka maganin zazzaɓin sauro ko da haƙori ne ke maka ciwo. Kwamfuta ta yi nauyi, fomat. Ta ƙi buga takarda, fomat. Nazir ya yi, yini guda. Aka sa faifan, layin ya kai tsakiya ya tsaya. Ya koma Wuse ya aro faifan tsari na maƙwabcinsa, ya sake wankewa. Layin ya tsaya daidai inda ya saba.

Makonni suka wuce. Zaituna ba ta da keken da za ta ɗinka ko ɗan kwali. Masu makarantu suka zo suka kwashe yadinsu. Tana zuwa kullum duk da haka, ta share shago, ta goge keken da tsumma, ta zauna da littafin a cinya tana buɗe shafi bayan shafi tana kallon hotuna.

A cikin haka Yamusa ya zo. Kakkaura ne, mai ƙaramar murya, ba mugu ba ne, na faɗa tun yanzu. Ya gaishe ni da ladabi, ya shiga wurinta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ta bulo mai rami, saboda haka na ji komai.

"Wannan ne abin da kika zubar da kekunanki a kansa?"

"Shi ne, Yaya."

"Me ya ɗinka?"

"Bai fara ba tukuna."

"Bai fara ba. Zaituna, na yi magana da Inna. Da mangwaro ya ƙare, motar da ta kawo mini kaya na ƙarshe za ta koma Zariya ba komai a ciki. Ke da yarinyar da kayanku za ku bi ta. A can akwai ɗaki, akwai abinci, akwai masu neman aure. Wannan ƙarfen kuma 'yan jari-bola su auna shi."

"Sumayya tana tsakiyar zango."

"A Zariya ma akwai makaranta."

"Ni ban zo Abuja don in koma a bayan motar mangwaro ba."

"Ai ba shawara na zo nema ba."

Da ya tafi na leƙa. Tana tsaye ta dafa keken. Ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Baba, in ta'aziyya ka kawo, ka koma da ita."

Nazir, Allah ya saka masa, bai gudu ba. Ya yi ta shiga kafe yana bincike a intanet, har ya dawo da takarda biyu da ya bugo. Ya ce ashe ba cuta ba ce. Kwamfutar Turanci kawai take ji, firogiram ɗin kuwa Japananci kawai yake yi, shi ya sa take mayar da kowane harafi alamar tambaya, har sunan wurin da za ta ajiye shi ma ba ta iya karantawa, sai ta tsaya. Akwai wani akwati a cikin saitinta da za a yi wa alama, ta koyi rubutun gabashin duniya. Ya nemo akwatin ya yi masa alama. Kwamfutar ta ce a sa mata faifan tsarinta. Ya sa. Ta ce abin da take nema babu shi a ciki.

A nan ne muka gane inda matsalar take. Duk faifan tsarin da ke yawo a hannun masu gyara na Abuja kwafi ne na kwafi, kuma wani mai dabara a can baya ya yanke duk abin da ya ga ba a bukata don faifan ya yi sauƙi, ya yi saurin zuba. Wa ke bukatar Japananci a Wuse? Duk wankin da Nazir ya yi, da wannan gurgun faifan yake sake cika ta. Zaituna ta bi shi suka zaga tebur bayan tebur, Wuse, Garki, har Nyanya. Kowa ya rantse nasa cikakke ne, kowanne aka gwada sai a tarar ɗan uwan na jiya ne.

Ni kuwa ina da faifai. Kwamfutata sabuwa na saye ta ta hannun wani kantin littattafai na mishan a Jos, ta zo da faifanta a cikin ambulan, na ajiye shi a akwatin ƙarfe tare da takardun shaidata. A makarantarmu ta Gindiri an hore mu a kan haka, duk abin da ya zo tare da kayan aiki a adana shi, ko da kusa ɗaya ce. Ban taɓa bari wani ya yi wa kwamfutata fomat ba. Na kawo faifan, aka gwada a ta Zaituna, ya ƙi. An yi shi ne don irin tawa kaɗai.

Kowa a ɗakin ya san abin da ya rage shi ne a kawo kwamfutata, ba wanda ya faɗa. Na ɗauki faifaina na koma shagona.

Ina da dalili. A lokacin ina tsakiyar buga littafin taron shekara na Zumuntar Mata na ikkilisiyarmu, tsarin sujada da waƙoƙi duk da Hausa. Aiki ne da nake yi tun ina gwamnati, a tafireta, kuma ina alfahari da shi fiye da duk wasiƙun manyan sakatarori da na buga. Matata Christina tana cikin shugabannin zumuntar. Da na gaya mata yadda ake ciki, tana tsinke alayyafo, ba ta ɗago ba ta ce, "Thaddeus, in jira kake yarinyar nan ta zo ta roƙe ka, za ka ga motar ta zo ta tafi da ita kana zaune."

Washegari na ɗauki kwamfutata da kaina na kai shagon Zaituna na ɗora a teburin yankanta.

"Ban roƙe ka ba, Baba."

"Na sani."

"In ta lalace fa?"

"In ta lalace, a hannuna ta lalace."

Ta ce, "To. Amma ba mai wanke ta."

Nazir ya yi wa akwatin alama, ya sa faifaina, kwamfutar ta karɓa. Ya gaya wa kwamfutar daga yau harshen firogiram ɗinta Japananci ne, ta mutu ta sake tashi. Da aka sa faifan keken, sai ga rubutu ya fito, irin na cikin littafin sak, ƙananan zane-zane kamar sawun kaji a rairayi. Shuɗin layin ya kama tafiya, ya kai tsakiya, ya wuce. Nazir ya yi tsalle har ya buga kansa da fanka. Zaituna kuwa, na ga ta saki almakashin da ta damƙe.

Murnar ba ta daɗe ba. Firogiram ɗin ya zauna, amma da an buɗe shi sai ya nuna hoton fure, ya ƙifta, ya rufe kansa. Aka sake, haka. Nazir ya gwada duk abin da ya sani, ya sosa ƙeya, hannunsa ya tafi jakarsa.

"Baba, ka yi haƙuri, ina ganin sai an yi mata ɗan fomat."

Zaituna ta ɗora tafin hannunta a kan kwamfutar. "Ka taɓa ta in karya maka yatsa."

"Anti, ni ne injiniya ko ke?"

"Kai ne injiniya, amma wanki kaɗai ka iya. Da shagon wanki da guga ka buɗe, da yanzu ka yi gida a Maitama."

"To ki gyara mu gani, Hajiyar Japan."

"Zan gyara. Kai dai ka mayar da gurgun faifanka jaka."

Ni kuma tawa matsalar ta taso. Da na buɗe littafin zumunta don in ci gaba, sai na tarar tsohon firogiram ɗin da nake buga Hausa da shi ya rikice, haruffa masu ƙugiya duk sun koma alamun Japan, suna cinye na kusa da su. Nazir ya ce ana iya mayar da kwamfutar Turanci, amma bai yi mini alkawarin za ta yarda ta sake komawa ba. Na dubi Zaituna, ta kau da kai, ba ta ce in bari ba, ba ta ce in mayar ba. Na bar kwamfutar yadda take, na koma shagona na kakkaɓe tafiretata na fara littafin daga shafin farko, ina sa ƙugiyoyin da biro kamar yadda muka yi a da. Yatsuna ba su da saurin da suke da shi. Ranar da aka sa ta zo ban gama ba. Dattijon da ke kula da ɗab'i a ikkilisiya ya zo, ya dubi abin da na yi, ya tattara rubutun ya kai wa wani saurayi a Dutse mai sababbin injuna. Aikin bai ƙara dawowa hannuna ba. Zaituna tana ƙofarta lokacin da ya fita da takardun.

Mangwaro ya ƙare keken bai ɗinka komai ba. Wata Asabar da hantsi babbar mota ta tsaya a bakin titi, domin layinmu ya yi mata ƙunci. Yamusa ya shigo da ƙafa. Ya riga ya sa an loda katifarta da akwatunanta daga Zuba. Mutanen layi suka fito, masu shayi, mai aski, matar da ke sayar da katin waya a ƙarƙashin lema.

"Ki rufe shagon, direba yana sauri."

"Ya yi ta saurinsa."

"Zaituna, kada ki ba ni kunya a gaban mutane."

"Kai ka kawo mutanen, Yaya. Ni a shagona ka same ni."

"Keken ya yi aiki?"

"Bai yi ba."

"To me kike jira?"

"Ko bai yi ba har abada, ba na tafiya. In ya ƙi, zan yi wankau, zan sayar da ƙosai a bakin layin nan. Mijina a garin nan aka binne shi, 'yata a garin nan take karatu. Ka gaya wa Inna ina gaishe ta, zan zo da sallah a motar da na biya da kaina."

Yamusa ya juyo wurina. "Dattijo, kai babba ne. Ka gaya mata gaskiya."

Na ce, "Alhaji, ko hayaƙin janaretana ban isa in ajiye inda ba ta so ba."

Mutane suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce tun da ta zaɓi ƙarfe, to ƙarfen ya ba ta ɗaki, gidansa kada ta sake takawa. Ya sa aka sauke katifa da akwatuna a bakin titi, motar ta tafi. Zaituna da mai aski suka kwaso su. Daga ranar ita da Sumayya suka koma kwana a shago, bayan labule, Christina tana aiko musu da tuwo wanda Zaituna take karɓa tana cewa ba ta jin yunwa.

Yadda ta bi da littafin shi ne yadda take bi da ɗinki. In mace ta kawo mata rigar da ta gani a jikin wata ta ce a yi mata irinta, Zaituna ba ta tambayar sunan ɗinkin. Shimfiɗa rigar take yi, ta bi ta kusurwa kusurwa, ta ga inda aka naɗe, inda aka tattare. Haka ta jingina littafin a jikin allon kwamfuta. A shafukan farko akwai hotunan yadda allon ya kamata ya kasance, tagar saiti bayan tagar saiti. Ba ta iya karanta ko ɗaya ba, amma tana iya ganin ko zane ya yi daidai da zane. Sai ta buɗe taga, ta sa yatsa ɗaya a littafi ɗaya a allo, ta bi. Ta yi ɓarna a hanya. Sau ɗaya ta danna abin da ya shafe mini wasiƙun wata ƙungiyar 'yan fansho gaba ɗaya, da na yi magana ta ce ai da ma sun yi tsawo. Wata rana kuma ta sa allon ya kwanta a gefe, sai da aka kira Nazir, ya zo yana mata waƙar Hajiyar Japan.

Wata safiya ina fotokwafi ta buga katanga. "Baba, zo ka ga lambobin nan."

Lambobi kaɗai ne abin da mu da Japanawa muke rubutawa iri ɗaya. A hoton littafin, a wata taga, akwai kwanan wata, kuma shekara ce a gaba, sannan wata, sannan rana. A tawa kwamfutar rana ce a gaba, yadda aka koya mana, yadda na saita ta da hannuna tun ranar da na saye ta.

"Wannan ba komai ba ne," na ce. "Kwanan wata ne kawai."

"Duk sauran sun yi daidai. Wannan ne kaɗai ya bambanta. Ka juya shi."

"'Yata, ba a rubuta shekara a gaba."

"A Japan ana yi. Ka juya."

Wannan kam na san inda yake. Na juya shi, raina bai so ba. Ta danna firogiram ɗin. Furen ya fito, ya ƙifta, sai wani farin fili ya buɗe mai layi-layi kamar takardar lissafi, da jerin launukan zare a gefe. Muka tsaya muna jiran ya rufe, bai rufe ba.

Sai da ta ƙara wasu kwanaki kafin ta iya zana abin kirki, da wasu kuma kafin keken ya daina tsinke zare. Bajon farko na wata makaranta ce a Bwari, gaggafa a kan buɗaɗɗen littafi. Ranar da alluran suka fara sauka da kansu, tatatata, ba ƙafa ba hannu, sai da layin ya cika har mai shayi ya bar tukunyarsa ta ƙone.

Labari ya kai Zuba. Bayan kamar wata guda Yamusa ya zo, wai hanya ce ta biyo da shi. Ya ɗauki bajon ya juya shi gaba da baya.

"Wannan gaggafa ce ko kazar da ruwa ya doka?"

"Mai makarantar ya ce gaggafa ce, ya kuma ƙara oda."

"Hmm." Ya ajiye. "Ɗakinki yana nan."

"Na kama ɗaki a nan Kubwa, Yaya. Ka zauna a kawo maka ruwa."

Ya zauna. Kafin ya tafi ya tambaya ko keken yana iya rubuta suna a aljihun riga, don yaran shagonsa.

Kafin shekara ta ƙare ta sayi kwamfutarta sabuwa, ta tsaya a kan sai an ba ta faifanta na asali a hannu, ta dawo mini da tawa. Nazir ya mayar da ita Turanci ba tare da wanki ba. Keke ɗaya ya zama uku, ta fasa katanga ta haɗe shagon da ke ɗaya gefen, ta ɗauki ma'aikata. Maganar littafin zumunta kuwa ba ta taɓa tayar da ita ba, ni ma ban tayar ba. Ko na gode ba ta ce ba. Na ɗauka halinta ne, na bar shi a haka.

Shekaru suka tafi da irin sana'ata. Kowa ya koma buga takardarsa a waya. Christina ta rigaye ni. Idanuna suka yi rauni, har nakan yini ban buga shafi ɗaya ba, mai shagon kuma ya ce yana son wurinsa. Ɗana Abednego ya zo daga Kaduna ya ce in tattara in koma ƙauye, ya gyara mini ɗaki. Ban yi gardama ba, domin ban ga da me zan yi ta ba.

Ana saura kwana kaɗan in tashi, na zo da safe na tarar ma'aikatan Zaituna sun fitar da teburina da kujerata, sun kai cikin shagonta, kusa da taga inda haske ya fi yawa.

"Mene ne haka?"

"Aiki ne ya yi mini yawa, Baba. Yaran nan ba su da ido. Ina son kowane bajo ya bi ta hannunka kafin ya fita, ka duba suna, ka duba taken makaranta. Za ka iya, ko in nemi wani?"

Na ce zan gwada. Ta sa aka saya mini gilashin ƙara girma. Ƙarshen wata ana ba ni albashi tare da kowa. Abednego ya koma shi kaɗai.

Na yi shekara uku a teburin nan kafin Nazir, wanda yanzu yake da shagonsa na kansa, ya zo gyara wata rana ya gan ni ina bin bajo da gilashi. Ya yi dariya ya ce ai tun tuni makarantu suke turo zanensu a gama, an duba an sa hannu, keken kwafa kawai yake yi, babu abin da zai canza. Zaituna tana can ƙarshen shago tana sa zare. Ta ɗago ta dube shi, ya haɗiye sauran maganar ya koma kan aikinsa. Sannan ta ɗebo wani ƙunshin ta ajiye a gabana.

"Na Kuje ne, Baba. Da la'asar za su zo ɗauka."

Na jawo gilashina na fara dubawa.